Tambayoyinku kan fasaha: kyamarar farko da ciwon megafiksel

Malam, na tara 'yan kuɗi ina so in sayi kyamarar DSLR, irin babbar nan da ake canza wa gilashin gaba, in fara ɗaukar hoton biki da suna. An nuna mini Canon 600D ta hannu, amma megafiksel 18 ce kacal, wayata kuwa 108 gare ta. Ba ci baya zan yi ba? Daga wani ɗalibi a Yelwa, Bauchi.

Ƙanena, wannan tambaya ta ishe ni. Duk wanda ya zo da maganar kyamara, kafin ya gama sallama ya jefo "megafiksel nawa ce?", kamar mai sayen hatsi a kasuwar Muda Lawal yana tambayar mudu nawa ne a buhu. Masu tallan waya ne suka ɗora muku wannan karatu, kun kuwa haddace.

Abin da ke yin hoto shi ne haske, da faɗin farantin da hasken ke sauka a kai, wato sensa. Na 600D milimita 22.3 ne a tsawo, 14.9 a faɗi, ya ninka na wayarka sau da yawa. Ita wayar taka, idan ba ka shiga ka canza mata ba, haɗe ɗigo tara-tara take yi ta miƙo maka hoto mai megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12. Je ka duba. Hoton 600D kuwa ɗigo 5184 ne a kwance, 3456 a tsaye, ya isa a wanke shi babba a rataye a falon amarya. Kuma a ƙarshe ma ta WhatsApp za ka tura wa dangin ango, ya matse shi ya zama abin tausayi.

Kyamarar ta fito tun 2011, don haka gajiyarta ya kamata ka bincika. Shata, ƙofar da ke buɗewa ta rufe duk ɗauka, tana da iyaka. A ƙananan kyamarori irin wannan ana ƙiyasta mata ɗauka kamar 100,000. Wadda mai hoton biki ya shekara biyar yana yawo da ita ta ci rabonta, komai ƙyallin jikinta. A Nikon adadin yana cikin bayanan hoton da kansa, a Canon sai an jona ta da kwamfuta. Mai kaya ya ce ba a dubawa? Yi masa sai an jima. Cire lens ɗin, wato gilashin gaban kyamarar, ka haska shi da tocilan, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, ruɓar damshi ce, ajiye.

Kada kuma ka juye kuɗinka duka a kan gangar jikin. Rage na lens mai 50mm f/1.8, da batir na biyu, da memori na gaske. Wannan lens shi ne mafi araha a masu kyau, shi ke narkar da abin da ke bayan mutum a hoto har a ce "kai, wa ya ɗauka?" A ɗaki mai ƙunci zai matse ka, sai ka koma kan lens ɗin 18-55 da kyamarar ta zo da shi. In za ka iya ƙarawa, nemi 700D ko Nikon D3500, wadda batirinta ke kai hoto 1,550 a lissafin kamfanin, abin da duk mai fama da wutar lantarkinmu zai yaba. Canon 4000D kuwa, ko sabuwa ce, ba na tura mai hoton biki gare ta: an cire mata ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, filasha masu araha da yawa ba sa tashi a kanta.

Ina sayar da atamfa da leshi a Instagram. Canon zan saya ko Nikon? Daga wata 'yar kasuwa a Fadaman Mada.

Hajiya, ko ɗaya. Goge idon wayarki, ki shimfiɗa kayan kusa da taga da hantsi. Kuɗin ki ƙaro leshi.

Wasu baƙaƙen ɗigo suna fitowa a hotunana, wuri ɗaya kullum, musamman in na ɗauki sama. Daga Azare.

Ƙura ce ta hau sensa. Ka canza lens a fili cikin hunturu, ko ba haka ba? Sayi robar hura iska, juya kyamarar ta kalli ƙasa, ka hura. Ban ce da baki ba, ban ce da bakin riga ba.

Za mu je Yankari, lens ɗina 18-55 ne a kan Nikon D3300. Zai ɗauko giwa? Daga Gwallameji.

Zai ɗauko ta kamar ƙuda a kan faifai. Nemi lens mai jawo nesa, 55-200 ko 70-300, amma ka tabbatar an rubuta AF-S a jikinsa, don kyamararka ba ta da injin juya tsofaffin lens, da hannu za ka yi ta murɗawa har giwar ta shige daji. In kun sauka wanka a Wikki, ruwan ɗumin Yankari, kada ka bar jakar a ƙasa. Gwaggon birin wurin ba ya tambayar megafiksel.