Bututun gas daga Najeriya barazana ne ga tsaronmu a Ghana?

Ɗan'uwa na unguwar Nima a Accra, kana tambaya ko bututun gas ɗin Najeriya zai jawo mana fitina. A ganina babban haɗarin shi ne dogaron da wutar lantarkinmu ta yi da shi. Ta ƙarƙashin teku ya biyo, ya wuce Benin da Togo, ya iso Tema da Takoradi. A 2012 ƙarfen tsayar da wani jirgi ya fasa shi kusa da Lome, gas ya yanke kusan shekara, dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya tsananta. Teloli da masu firjin kifi sun ji jiki. Kada a ɗauka matsalar Najeriya ce kaɗai. Masunta su guji hanyar bututun, wanda ya ga ruwa yana kumfa ya sanar da sojojin ruwa ko WAPCo, kamfanin da ke kula da bututun.