Tambaya da Amsa: Shinkafar Waje, Doka da Haƙƙin Manomi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne daga ƙaramar hukumar Suru a jihar Kebbi. A noman ranin da ya wuce na ci bashi na sayi taki da fetur na injin ban ruwa, na biya masu dashe da yaran da ke korar tsuntsu, amma da na kai shanshera kasuwa kuɗin da dillalai suka taya bai mayar da abin da na kashe ba. An ce shinkafar Indiya da Tailan ce ta cika gari. Ɗana mai karatun lauya ya ce babu dokar da aka karya, ko ta gida ko ta duniya. To, yaya abu zai zama daidai a doka alhali mutum yana ji a jikinsa an cuce shi? Kuma babu kotun da ƙasa za ta kai ƙasa ƙara a kan irin wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar da alheri, Ya hore abin biyan bashi. Ɗanka yana da gaskiya a kan shinkafar da ta shigo ta tashar jirgin ruwa da takardunta, amma wadda ake ratso daji da ita a kan babura daga Benin da Nijar fasa-ƙwauri ce, domin tun 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. Sai dai abin da ya fi damunka yana cikin kashi na farko, wato abin da doka ta halatta kuma ya ƙona ka.

Wannan rata da ke tsakanin hukunci da gaskiya tsohuwa ce. A hadisin Ummu Salama, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi masu kawo ƙara cewa wani zai iya fin wani iya tsara hujja, a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, alhali yankin wuta aka yanka masa. Doka tana duba ko an bi ƙa'idar da aka rubuta. Adalci kuwa yana tambayar wa ya ɗauki asarar, kuma ko an sanar da shi kafin ya zuba dukiyarsa.

Mu fara da gida. A Nuwamban 2015 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na bai wa manoma rance, bayan Babban Bankin Najeriya ya riga ya hana masu shigo da shinkafa samun dalar gwamnati. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, kuma ta Kamba da ke jihar Kebbi ba a sake buɗe ta ba sai 2022. Duk wanda ya dubi waɗannan matakai zai fahimci cewa ana ce masa ya faɗaɗa gona, kasuwa tasa ce. Mutane suka yi hakan daga Argungu har Yawuri, aka haƙa rijiyoyin burtsatse a fadamu, aka kafa manyan injinan casa. Daga baya akalar ta juya. A 2023 aka janye tallafin fetur, wanda shi ne ran noman rani, aka kuma ɗage takunkumin dala, sannan a Yulin 2024 aka sanar da yafe harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana cikin ikon gwamnati, kuma dole in faɗa maka abin da ba zai yi daɗin ji ba: mai albashi a Gusau da ya kasa sayen kwanon shinkafa a 2024 shi ma yana da haƙƙi, kuma kukansa ne aka saurara. A ganina inda aka kauce wa adalci shi ne lokaci da kuma rabon nauyi. Manomi yana yin lissafinsa ne ranar da ya yafa iri, ba zai iya kwashe takin da ya zuba ba idan doka ta canja kafin girbi. An sauƙaƙa wa mai saye, amma ba a taɓa kuɗin buhun taki ko jarkar fetur ba, sai ya zama sauƙin da gari ya samu daga aljihun mai gona ya fito.

Game da kotun da ka tambaya, akwai ta, tana ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da aka kafa a 1995, wadda 'yar Najeriya, Ngozi Okonjo-Iweala, ke jagoranta tun 2021. Dokarta ta yarda ƙasa mai tasowa ta tallafa wa wani amfanin gona har kashi 10 cikin ɗari na darajarsa. Indiya, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta a duniya, tana sayen shinkafa daga manomanta a farashin da ta ƙayyade, tana rage musu kuɗin taki, a jihar Punjab ma wutar ban ruwa kyauta ce. A 2020 ita da kanta ta sanar cewa ta zarce iyakar nan a kan shinkafa, amma ta fake da wata yarjejeniya da aka cimma a Bali ta ƙasar Indonesiya a 2013, wadda ta hana a kai ƙarar ƙasa mai tasowa idan tana tara abinci ne domin ciyar da talakawanta. Hujjar Indiya ba ta banza ba ce, domin ɗaruruwan miliyoyin mutanenta suna karɓar hatsi daga rumbun gwamnati. Sai dai su Tailan suna ƙorafin cewa wannan tanadi yana taimaka mata wajen karya farashi a kasuwar waje.

Ka lura da yadda abin ke iso maka. A Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, a Agusta kuma ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan turararriya, irin wadda muke ci, sai farashi ya tashi a duniya. Zuwa ƙarshen 2024, da rumbunanta suka cika, ta janye matakan, farashi ya karye, daidai lokacin da ƙofarmu take a buɗe. Shawarar da aka yanke a Delhi domin masu zaɓe na can ita ce ta riski buhunka a kasuwar ƙauye.

Ko da an kai ƙara, ba lallai a ga ƙarshenta ba. A 2019 Brazil da Ostireliya da Guatemala sun kai Indiya ƙara a kan tallafin rake da sukari, kuma a Disambar 2021 aka yanke hukuncin cewa Indiya ta saɓa ƙa'ida. Nan take ta ɗaukaka ƙara, alhali sashen ɗaukaka ƙarar ya daina zama tun Disambar 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Kamar a ce ka yi nasara a kotun yanki, abokin shari'arka ya garzaya babbar kotun da ya san babu kowa a kan kujerarta. Bai karya doka ba, kai kuma ba ka samu haƙƙinka ba. Shari'ar auduga ma abin dubawa ce: Brazil ta kayar da Amurka a kan tallafin da take bai wa manoman audugarta, aka sasanta a 2014 da biyan dala miliyan 300, amma Benin da Cadi, da suka shiga shari'ar a matsayin masu ruwa da tsaki kuma tallafin ya fi cutar da manomansu, ba su samu kaso a ciki ba. Mai lauyoyi da babbar kasuwar da zai yi barazana da ita shi ake lallashi.

Duk da haka, kada a ɗora wa dokar duniya laifin da ba nata ba. Iyakar harajin da Najeriya ta ɗaure kanta da shi a kan kayan noma a wannan ƙungiya kashi 150 ne cikin ɗari, saboda haka ba Geneva, inda hedikwatar ƙungiyar take, ce ta tilasta a yafe haraji ba, zaɓi ne da aka yi a Abuja. Kuma kariya kaɗai ba ta sa shinkafarmu ta yi araha. Muddin ana ban ruwa da fetur, wanda ke noma da wutar kyauta zai ci gaba da fin mu sauƙin farashi.

Manomi ɗaya ba ya iya kai ƙara a wannan kotu, gwamnatoci ne kawai ke da wannan dama. Abin da ke hannunku shi ne ƙungiyarku ta manoman shinkafa da wakilanku a majalisa. Buƙatar da na ga ta fi kusa da samuwa ita ce a riƙa sanar da duk wani canjin haraji kafin a shiga noman rani, ba bayan an dasa ba, kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofa domin mai saye a haɗa da sayen shanshera zuwa rumbun gwamnati a farashin da aka bayyana tun farko. Ka sa ɗanka ya taya ku rubuta takardar, ku liƙa rasiɗan taki da na fetur na eka ɗaya, da adadin buhun da ta bayar, da abin da dillali ya taya.