Jini a dasashi lokacin goge baki

'Yar'uwa, kin ce kullum in kin goge baki sai kin tofar da kumfa ja, har kin fara kauce wa wajen da ke jinin. To, kaucewar nan ita ce kuskuren. Galibi abin da ke jawo shi dattin nan ne mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori. Cike yake da ƙwayoyin cuta, su ke sa dasashi ya kumbura, ana taɓa shi sai jini. In ya daɗe sai ya daskare kamar dutse, buroshi ba ya iya masa komai, sai likitan haƙori ya kankare.

Ki nemi buroshi mai laushi, ki karkata shi wajen gindin haƙorin, ki murza a hankali, ba dirza irin ta wankin tukunya ba. Minti 2, safe da dare. Na daren ma ya fi, don yawu na raguwa in ana barci. Tsakanin haƙora kuma ki sa zaren sakace sau ɗaya a rana; kwanakin farko zai yi jini, kada ki fasa. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri na rage zogi, amma ba ya cire dattin.

In mako 2 ya wuce ba sauƙi, ko haƙori na girgiɗi, ko kin ga mugunya, ki ga likita. Ki faɗa masa in kina da juna biyu, ciwon suga, ko kina shan maganin tsinka jini irin su asfirin.