Kwarzanen da ido bai gani

Yaro, ka tambaye ni mi ya sa nake hana ka taɓa fuskar farantin ƙarfen da leza, wato haske mai tsananin ƙarfi, za ta buga, alhali kai ba ka ga tabo ko ɗaya ba. Ku yaran yanzu ke nan, hannu ɗaya na kan waya, ɗayan da maiƙon ƙosai, kuma kuna son a kira ku gwanaye. Wanki da ɗauri ba zan tsaya kansu ba, kowa ya san su.

In leza ta sauka bisa ƙarfe, samansa yakan ƙone ya zama filasma, iska mai tsananin zafi marar nauyi. Tana fita da gudu, tana cusa igiyar bugu cikin ƙarfen. Marar nauyi ke tura mai nauyi, nan matsalar take. Zuba ruwa bisa man gyaɗa ka gani, yatsu-yatsu zai nutse. Masanin kimiyya Rayleigh ya bayyana haka a 1883, wani masanin, Taylor, ya ƙara a 1950. A ƙarfe ma haka ne, daga ɗan kwarzane yatsan ke farawa, in bugun ya ratsa wurin kuma ya ƙara faɗaɗa shi. Ko a cibiyar bincike ta Livermore a Amurka, da bakin leza 192, sai da aka goge ƙwayar lu'ulu'un da lezar za ta buga, mai faɗin kusan milimita 2, sumul, kafin ranar 5 ga Disamba 2022 su zuba makamashi megajul 2.05 (ma'aunin makamashi ke nan) su samu 3.15.

Wani mai karatun dakta ya taɓa kawo min farantan alminiyam, zai kai su ƙasar waje a gwada. Na ture aikin mutane, na sayi garin guga da kuɗin aljihuna. Hunturu ne, ƙurar Sakkwato ka san ta, sai dare nake aiki, na toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma. Sai da kowane faranti ya koma madubi. Na ƙera musu akwati, kowa da ɗakinsa, na ce kada ya buɗe sai can.

Wai akwatin ya cika masa jaka! Ya haɗa su fuska da fuska, ya naɗe da jarida. Bugun ya fito bayan faranti a karkace, wani gefe ya riga wani, awon duka ya lalace. Mutumin nan ya dawo yana yawo da sunana wai ban iya aiki ba, ni da nake wanga aiki tun bai shiga firamare ba. Cikon kuɗina har yau shiru. Ranar Juma'a yakan wuce ni cikin mota, har da ɗaga min hannu. Garin gugar nan kaɗai ya ci kuɗin ragon layya.