Zomon ɗana ya ƙi yarda a taje masa gashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni uwa ce daga unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗana yana da zomo fari mai yawan gashi da muke kiwo don sha'awa. Tun da sanyi ya fara ja da baya gashinsa yake zuba ko'ina a tsakar gida. Na sayo buroshi, amma da zarar yaron ya kama zomon ya ɗaga, sai ya yi ta shure-shure da yakushi, har ya taɓa cizonsa. Yanzu ko buroshin ya hango sai ya shige bayan randa. Shin tajewar nan dole ce, ko kuwa in riƙa yi masa wanka in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yi masa wanka, kuma kada ki daina cire masa gashin da ya saki. Abin da ya kamata a sauya shi ne yadda ake tunkararsa, domin a ganina, bisa bayanin da kika yi, kamun da ɗagawar ne suke firgita shi, buroshin kuwa ya tsane shi ne saboda kullum tare suke zuwa.

Zomo dabba ce da ake farauta. A daji, ba ya barin ƙasa sai in shaho ko wani naman dawa ya sure shi, don haka hannun da ya sauko masa daga sama ya ɗaga shi, ko na mai ƙaunarsa ne, yana tayar masa da tsoron mutuwa. Shure-shuren da kike gani yana da hatsari ƙwarai, saboda ƙafafunsa na baya suna da ƙarfi sosai, ƙashin bayansa kuwa marar kauri ne, kuma shuri ɗaya mai ƙarfi a lokacin da bayansa yake reto yana iya karya masa gadon baya ya shanye masa ƙafafu. Ki hana yaron ɗaukarsa ta kunne, ko da ya ga haka ake yi a kasuwa. Ki kuma hana shi kwantar da zomon rigingine: zai yi tsit kamar ya ji daɗi, alhali sandarewa ya yi don tsananin firgita.

Dalilin da ya sa na ce tajewar ba ta zama abin bari ba yana cikin cikinsa. Zomo yana lasar jikinsa sau da yawa a yini, yana haɗiye gashin da ya saki, kuma ba kamar kyanwa ba, shi ba ya iya amai. Duk abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Idan yana cin busasshiyar ciyawa da harawa sosai, hanjinsa yana motsi yadda ya kamata, gashin yana wucewa ba tare da matsala ba. Idan kuwa abincinsa dusa ne da ragowar tuwo da burodi, ga ƙarancin ruwa, ga gashi mai yawa a lokacin zuba, sai hanjin ya yi sanyi, abin da ke ciki ya bushe ya cure, zomon ya daina ci. Ki riƙa duba kashinsa kowace safiya. Idan kika ga ƙwayoyin sun fito a jere, zaren gashi ya sarƙe su kamar tasbaha, to yana haɗiye gashi fiye da kima, sai a ƙara tajewa, a ƙara masa ciyawa da ruwa mai tsabta.

Yanzu ga yadda za a dawo da amincewarsa. Ki ɓoye buroshin na kwana biyu tukuna. Ki sa yaron ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya zauna a ƙasa, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da zomo ya fi walwala da neman abinci, ya ajiye ɗan ganyen salati ko ganyen karoti kusa da gwiwarsa, ya jira zomon ya zo da kansa. Kada ya bi shi, kada ya miƙa hannu daidai hancinsa, domin idanun zomo a gefen kai suke, ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa sosai, kuma daga nan cizo yakan fito. Idan ya fara ci, sai a kawo hannu ta gefe a shafa goshinsa da bayan kunnuwansa, wuraren da zomaye suke lasar junansu. In kika ga ya kwantar da haɓarsa a ƙasa, ya lumshe ido, yana ɗan tauna haƙora a hankali, to ya yarda. In ya miƙe da kunnuwa a tsaye, ko ya buga ƙafar baya a ƙasa, a ƙyale shi ya tafi, a sake gwadawa gobe.

Da ya saba da shafar, sai a jiƙa tafin hannu da ruwa kaɗan, a yarfe, a shafa daga wuya zuwa gindin wutsiya, bin kwanciyar gashi. Gashin da ya saki zai manne a hannu, a murza tafukan biyu ya dunƙule, a jefar, a sake jiƙawa. Wannan dabarar ita na fi so ga zomo mai tsoro, domin shi a wurinsa shafa ce kawai ake yi masa, kuma ga mai gajeren gashi takan wadatar. Inda kika ga tuntun gashi ya ɗago ya fita daban, musamman a kan cinya, ki kama da yatsu biyu ki ja a hankali. In ya riga ya saki, zai fito ba tare da zomon ya ko motsa ba, in ya yi tauri a bar shi. Bayan haka ne za a dawo da buroshin, a ajiye shi kusa da abincinsa ya shinshina, sannan a riƙa gauraya shafa uku ta hannu da ɗaya ta buroshi. Minti 2 ko 3 sun isa a zama ɗaya, amma a lokacin zubar gashi a yi kullum. Ki tabbata buroshin mai taushi ne, irin na jarirai ko na roba, domin fatar zomo siririya ce, mai haƙoran ƙarfe yana karce ta.

Tunda naku mai yawan gashi ne, zai riƙa yin cura a ƙarƙashin wuya da bayan cinya, kuma a ƙasarmu ƙarangiya da ke zuwa cikin ciyawar da ake sayowa ita ce kan fara haɗa curar. A riƙe gindin gashin da yatsu don kada fata ta ja, a warware daga baki zuwa ciki. Idan sai an yanke, a cusa mataji tsakanin fata da almakashi, a yanke ta saman matajin. Reza kam kada ta kusance shi. In ya zama dole a ɗauke shi, babba ya yi: hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafe ɗuwawu, a manna shi a jiki, ana durƙushe kusa da ƙasa.

Wanka kuwa yana firgita zomo matuƙa, gashinsa na ciki yana daɗewa bai bushe ba, sanyi yana kama shi, ruwa yana shiga kunne. In gindinsa ya ɓaci, a goge wurin kaɗai da tsumma da ruwan ɗumi, a busar sarai, domin ƙuda yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi mai ƙazanta, kuma a cikin zafi tsutsa tana ƙyanƙyashewa kafin kwana guda. Ki kula da bazarar da ke tafe: zomo yana fara wahala idan zafi ya haura digiri 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu mukan wuce 40. Kada a taje shi da rana tsaka, kuma wurin nan na bayan randa da ya zaɓa, mai damshin yashi, a bar masa shi.

Akwai zomon da yake ƙin taɓawa saboda ciwo, ba tsoro kaɗai ba. Ki hura gashin bayansa ki duba fatar. Amosani fari mai yawa, ko wurin da ya yi sanƙo da ja, ko ɓawon ƙazuwa a cikin kunne da yawan girgiza kai, duk suna iya zama alamun ƙananan ƙwarin da ke cin fata. Kada a ɓamɓare ɓawon, kada a shafa kananzir ko baƙin mai ko fiya-fiya, kuma kada a sa masa maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fifronil, wanda ake sayarwa da sunan Frontline, domin yana kashe zomo. Ki kai shi wurin likitan dabbobi ko ofishin ma'aikatar kiwo, su auna nauyinsa su ba da maganin da ya dace. Idan kuma ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ya takure wuri ɗaya, a kai shi a ranar, kada a jira gari ya waye.