Sharaɗi ɗaya ne a kowane fanni?

Tambaya: Malam, ina cin karo da kalmar sharaɗi a fiƙihu da lissafi da darasin kwamfuta, har na ga wani mai fassara ya rubuta "sharaɗin mara lafiya ya tsananta". Shin ma'anarta ɗaya ce?

Amsa: Tushen ɗaya ne, wato abin da wani abu ya rataya a kansa, sai dai kowane fanni da irin ratayar da yake nufi. Malaman usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, sun ce sharaɗi shi ne abin da rashinsa yake hana samuwar abu, amma samuwarsa ba ta tilasta abin ya samu. Babu salla sai da alwala, amma mutum yana iya yin alwala ya zauna bai yi salla ba. Sun kuma raba shi da rukuni, domin ruku'u, wanda rukuni ne, yana cikin sallar, alwala kuwa tana wajenta.

Masu lissafi sun fi kowa tsantseni a nan, domin sun raba sharaɗi na wajibi da wanda ya wadatar. Kafin lamba ta rabu da 4 dole ne ta rabu da 2, amma hakan bai isa ba, tunda 6 ta rabu da 2 ba ta rabu da 4 ba. Rabuwa da 4 kuwa ta wadatar a tabbatar lambar za ta rabu da 2. A ganina yawancin gardamar mutane daga cakuɗa waɗannan biyun take tasowa.

A kwamfuta sharaɗi gwaji ne mai amsa biyu kacal: idan lambar sirrin ta yi daidai a buɗe, idan ba ta yi ba a hana. A shari'ar ciniki kuwa nauyinsa ake dubawa. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 ta ba mai saye damar mayar da kaya idan aka keta babban sharaɗi, amma ƙaramin alkawari diyya kawai yake jawowa.

Shi kuwa mai fassarar nan ya yi tuntuɓe ne, saboda Turanci yana amfani da kalma guda wajen sharaɗi da kuma halin da abu yake ciki, Hausa kuwa ta raba su. Likita ba ya gindaya wa jiki sharaɗi, halin da mara lafiya yake ciki yake bayyanawa, don haka sai a ce jikinsa ya tsananta.