Amsa ga Yayana a Zariya kan hotunan bakin teku

Yaya, barka da war haka, ina gaida su Hajiya da yara. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ga hotunanmu a ƙofar wani ɗan gida a bakin teku, mata da yara ga wani Bature a gefe, ka ɗauka gidan wani shehi muka kai wa ziyara, da aka ce maka wurin ɗaukar wasan talabijin ne sai ka saki salati. Sannan ka ƙara da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na san ba bakinka kaɗai ba ne, daga Kwarbai har Tudun Wada an yi da mu, shi ya sa zan amsa a fili.

Garin sunansa Port Isaac, ƙauyen masunta ne a arewacin yankin Cornwall, can ƙarshen kudu maso yammacin Ingila. A nan aka ɗauki wasan Doc Martin, wanda tashar ITV ta nuna daga 2004 zuwa 2022, labarin wani likita mai ɗaure fuska wanda ba ya iya kallon jini. A cikin wasan sun sa wa garin suna Portwenn. Yawancin Hausawan da ke wannan yanki ma'aikatan asibiti ne, da dama ma a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya suka yi karatu, ka ga kuwa dole likita mai tsoron jini ya ba su dariya. Daga Plymouth inda muke, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce.

Gidan da ka gani shi ne asibitin likitan a cikin wasan, yana kan wata hanya mai tudu da ke kallon tashar jiragen ruwa. Gidan mutane ne, ba a shiga, hoto kawai ake yi a waje a wuce. Mota ma a saman gari ake barinta a gangara da ƙafa. Lungunansu sun fi na cikin birni matsi, akwai wani da sai ka karkace ka shanye ciki kafin ka ratsa, wata Hajiya 'yar Gusau da muke tare ta duba ta ce ita kam a zagaya da ita. Idan ruwa ya janye, sai ka ga jiragen masunta zaune a kan yashi, kafin wasu awoyi ya dawo ya ɗaga su.

Amma Yaya, kana tsammanin bangon dutse ne ya tashi gida bakwai daga barci ranar Asabar? A nan babu zaure, babu dandali, babu shiga gidan maƙwabta ba sanarwa. Wani yana aikin dare, wata tana garin da sai ka yi awa biyu kafin ka isa. In ba suna ko rasuwa ko Sallah ba, sai a yi watanni ba a haɗu ba. Dole sai an ƙirƙiro dalili, kuma yaran nan da aka haifa a nan ba za su biyo mu zaman hira a falo ba, amma ka ce za a je garin da suke gani a talabijin, kafin ka rufe baki sun shiga mota. Zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi. Kula-kula muke cikawa da dambun shinkafa da waina da miyar taushe, a ɗauki tabarma da buta. Azahar ta yi, maza su jera sahu a gefen wurin ajiye motoci, su fuskanci kudu maso gabas, Turawa na wucewa da karnukansu ba mai ko waiwaye. Abin da ya fi damunmu tsuntsayen teku ne, ɗaya ya fizge ƙosai daga hannun jikata tana shirin kaiwa baki, ta yi kuka da Turanci ta zage shi da Hausa.

Abincinsu kuwa muna tambaya kafin mu ci: da wane mai aka soya kifin, an sa giya a ƙullin ko ba a sa ba. Masuntan garin ƙaguwa suka fi kamawa. Maƙwabtanmu 'yan Pakistan ba sa taɓa ta, mu kuwa Malikiyya ta halatta mana abin da ke cikin teku, sai dai ni har yau ƙyanƙyami bai bar ni ba.

Yanzu ga abin da ka so tambaya ka kewaye, wato Baturen nan. Ka san shi sarai, mijin 'yarka ne, kai ma an kira ka a waya kafin a sa rana, ka ce Allah ya sanya alheri, muryarka dai ba ta ce haka ba. Ya musulunta tun kafin su haɗu, ya biya sadaki, danginsa suka haɗa lefe iya fahimtarsu, uwarsa ta kawo akwatuna tana tambayata ko ta yi daidai. Shekarun da azumi ya faɗo a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, bai sha ko ɗaya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, maza nawa 'yan Zariya suka auro Turawa tun zamanin da, aka yi ta zuwa kallon amarya ana guɗa? Amma da 'ya mace ta yi, sai a ce iyayenta sun sake ta. Kakarmu ta wajen uwa ma ai Banufiya ce, har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba, ban taɓa jin an ce Inna ba Bahaushiya ba ce.

Shi ne ma ya kai mu Botallack, inda aka ɗauki wani ɓangare na wasan Poldark na BBC, wanda aka nuna daga 2015 zuwa 2019. Tsofaffin gine-ginen injin ma'adinai ne a maƙale a jikin dutse, teku na dukan ƙasansu. A da kuza ake haƙowa a wurin, ramukan har ƙarƙashin ruwa suka shiga. Kakansa leburan kuza ne, kuma mahaƙar kuza ta ƙarshe a Cornwall, South Crofty, a 1998 aka rufe ta. Yana bayani ni kuwa hankalina ya tafi wajen Malam Babba. Ka fi ni tunawa da yadda yake ba da labarin aikin tilas na lokacin yaƙin Hitila, da aka riƙa ɗibar mutane ana kai su haƙar kuza a Jos, da sanyin Bukuru da ya ce ya shiga ƙashinsa bai fita ba har tsufa. Na faɗa wa surukina, ya yi shiru, daga baya ya roƙe ni in sake ba yaransa labarin. Su 'ya'yanka da ke cikin ganuwa, waye ya taɓa zaunar da su ya ba su wannan labari?

Batun harshe kuma ba zan yi maka gardama sosai ba. Yaranmu suna ji, amsawa ce take musu nauyi. In sun ce "rigan Mama" nakan ce wa 'yan Kano da ke cikinmu su bar mini su, Zazzaganci ne tsantsa. Amma a raina ina tsoro. Mutanen Cornwall suna da harshensu na kansu wanda ya ɓace daga bakin jama'a tun wajen ƙarshen ƙarni na 18, yanzu a aji ake koyonsa, ana rubuta shi a allunan hanya, kuma a 2014 gwamnati ta amince su al'umma ce ta daban. Har gobe in ka ce wa wasunsu Ingilishi sai su gyara maka. Ban so jikokina su zama masu karanta Hausa a allo, shi ya sa a mota ba a magana da ni sai da ita, kowa ya sani.

Bara da muka aiko autarmu hutu, ta dawo tana cewa duk gidan da ta shiga dariyar bakinta ake yi, ana ce mata 'yar Turai, har ta daina magana gaba ɗaya. Bana za ta sake zuwa bayan an rufe makaranta. Don Allah ka ja kunnen yaran gida, ka sa a kai ta Kufena da Ƙofar Doka, a nuna mata ɗakin Inna. In akwai mai zuwa kafin nan, a aiko mana da daddawa da kuka, tamu ta ƙare.